Tsokar Tsakiya

Mijin yayata direban bas ne, kuma tun ranar da ya fara zuwa gidanmu neman aurenta, ina 'yar firamare, ya ɗora mini wasa bai sauke ba har yau. Da na girma na kama aiki a ɗakin gwaji na asibiti sai ya raɗa mini 'Yar Kwalba. A cewarsa, kowa yana aiki da mutane, ni kuwa na ƙare ƙuruciyata a karatu don in zauna ina lallashin kwalabe. Ni ma ban raga masa ba. Direba nake ce masa, in kuma ina son in ga ya kumbura sai in ce Karen Mota.

To wannan mutumin ne ya fara rama. Wandon aikinsa ya soma zamewa, ya ƙara huda a bel, ya sake ƙarawa. Idonsa ya yi rawaya, aka ce shawara ce, aka yi ta ba shi magani ba sauƙi. Da aka ɗauki hoton cikinsa sai ga ƙari a fankiriyas, wata doguwar tsoka da ke kwance a bayan tumbi, mai fitar da ruwan narkar da abinci da kuma abin da ke daidaita sukari a jini. Kansa ce. Kuma cikin duk cututtukan da Allah ya saukar, ita ce wadda nake zaune a kanta tun da na fara aiki.

Bari in ɗan faɗi aikin nawa, tunda Direba ya riga ya ɓata mini suna. Kowane ɗan ƙanƙanin yanki na jikin mutum yana ɗauke da ƙwayoyin gado, dubbai, amma ba duka ke aiki lokaci guda ba. Wasu a farke suke, wasu barci suke yi. Abin da kansa take yi shi ne ta tayar da waɗanda ya kamata su yi ta barcinsu. Akwai guda ɗaya da nake bibiya, sunansa na takarda haruffa ne da lambobi, mu dai a ɗakinmu Mai Ƙafa muke ce masa. In yana barci, ƙarin yakan zauna inda yake yana girma a hankali. In ya farka, 'ya'yan ƙarin sai su saki juna, su bi hanyar jini su tafi hanta su kafa sabon gida. Kuma maganin da ya dace da mai barci ba shi ne ya dace da farkakke ba. Ni aikina in karɓi ɗan yankin ƙarin bayan tiyata, in faɗa wa likitoci wanne ne a ciki.

Matsalar ita ce gwajina kusan kullum magana ɗaya yake yi: barci. Sai a sallami mutum da magani mai sauƙi, kafin shekara ta zagayo ya dawo ciwon ya cika masa hanta. Ba kowa ba, amma da yawa, har likitocin da ke saman bene suka mai da ni abin dariya. In wani ya yi atishawa a taro sai a ce a kai shi wurin Malama ta ƙasa, yanzu ta ce lafiyarsa lau. Na zargi injina, na kira mai gyara. Na zargi ruwan gwajin, na sauya kamfani. Na zargi hannuna har na daina yarda da shi. Abin yana ci mini rai, ina dai dannewa ne saboda ba ni da amsar da zan bayar.

Wanda ya yi wa Direba tiyata shi ne babban likitanmu, dattijo mai furfura da muke kira Mai Wuƙa a bayan idonsa, a gabansa kuwa Baba. Ban taɓa ganin mutum mai kara irinsa ba. Shi ne ke fara gai da mai shara. In kuka haɗu a ƙofa sai kun gaji da "wuce mana", "a'a, ke dai wuce". Aikin ya yi kyau, ya cire ƙarin kaf, aka kawo mini nawa yankin a cikin ɗan akwatin ƙanƙara kamar yadda aka saba, jajir, tsaf, ba kitse ba datti. Na sa shi a inji ina addu'a, ban ma san abin da nake roƙo ba. Allon kwamfuta ya nuna kore. A wurinmu kore barci ne, ja farkawa.

Yaya ta rungume ni a gefen gadonsa tana kuka tana dariya. Likitoci suka zauna suka ce tunda Mai Ƙafa barci yake, ga mutumin kuma ya sha wuya, a bar shi ya huta, a ba shi ƙwayoyi masu sauƙi ya riƙa sha a gida. Direba, da roba a hanci, ya ɗaga yatsa ya nuna ni ya ce ashe kwalabena za su yi rana. Kowa ya yi dariya, har da ni. Amma wannan koren na san shi. Na sha rubuta shi a takardun mutanen da yanzu suna kabari.

Mu mutanen ɗakin gwaji ba ma hawa sama mu shiga ɗakin tiyata. Ba doka ba ce, haka dai muka tarar. Ɗakinmu yana can ƙarƙashin ginin, kusa da wurin wanki, nas ce take sauko mana da akwatin ta koma. Shekarun nan duka ban taɓa ganin ƙarin da nake gwadawa yana cikakkensa ba, guntun da aka aiko kawai na sani. Na bincika kowane abu a ɗakina ban ga laifi ba, saura abu ɗaya, abin da ke faruwa kafin akwatin ya iso. Ranar da Baba zai yi wa wata tsohuwa irin wannan aikin, na roƙe shi ya bar ni in tsaya in gani. Ya yi murna kamar na ce zan ba shi kyauta.

Aka sa mini riga da hula da takunkumi, na rakuɓe a bango. Bayan dogon lokaci ya ɗago ƙarin ya ajiye a faranti. Abu ne mummuna, ba shi da siffa, gefensa duk yatsu-yatsu sun kutsa cikin kitse da lafiyayyar tsoka. Sai na ga Baba ya ɗauki wata 'yar wuƙa ya fara fere shi, a nutse, kamar mai fere wa jikansa lemo. Ya yanke gefen nan, ya yanke wancan, ya zuba su a wata kwalba daban. Da ya kai tsakiya ya yanko wani yanki mai kyau, ya juya shi a haske, ya ga ɗan kitse ya maƙale, ya cire. Sannan ya ajiye shi a kan ƙanƙara da hannu biyu.

"Wannan na Malama ne," ya ce wa nas ɗin. Ya juyo ya dube ni, idonsa na murmushi ta saman takunkumi. "Kin ga yadda muke ji da ke, 'yata. Ba na yarda a kai miki gefe."

Na tambaye shi tun yaushe yake yin haka. Ya ce tun ranar da na fara aiki. Malaminsa ya koya masa cewa abokin aiki ba a aika masa tarkace, tsokar tsakiya ake ba shi. Ni kuwa duk ƙarshen shekara sai na hau har ofishinsa na gode masa a kan tsaftar abin da yake aiko mini.

Nan take abin ya faɗo mini. 'Ya'yan ƙarin da ke tsakiya ina za su je? A kewaye suke, ba hanya, ba dalilin da zai sa su nemi ƙafa. Masu shirin tafiya a bakin iyaka suke, a cikin yatsun nan da Baba ya fere ya zubar a kwalba. Shekara da shekaru ina tambayar waɗanda ke zaune a ɗaka ko akwai mai niyyar fita, suna ce mini babu, kuma gaskiyarsu suka faɗa. Na bar shi ya koma kan aikinsa. Na tambayi nas ina ake kai kwalbar gefen, ta ce wurin Mai Madubi.

Mai Madubi ita ce shugabar ɗakin da ke duba tsoka a madubin likita, don a tabbatar wuƙa ba ta bar saura ba. In ta gama dubawa sai ta daskarar da guntayen a cikin kakin kyandir ta jera a ma'aji, ba ta zubar da ko ɗaya. Ƙofarta tana kallon tawa, amma mun daɗe gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga kai. Asalin abin firji ne. Asibiti ya sayo guda ɗaya ya ajiye a tsakanin ƙofofinmu bai ce na wane ne ba, muka yi ta ja har ya ƙare a ɗakina, kuma a cikin jan na faɗi maganganun da ba a faɗa wa na gaba. An ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, ita kuwa ba ma wada ba ce, ta fi ni tsayi ta fi ni shekaru.

Na ƙwanƙwasa na shiga na gaishe ta har ƙasa. Ta ɗago daga madubinta ta dube ni ta saman tabarau, ta tambaya ko firjin ne ya lalace. Na ce a'a. Na kwashe komai na faɗa mata, da ferewar Baba, da koren da na ba yayata. Ta tashi ta buɗe ma'ajin, ɗaki guda cike da aljihunan ƙarfe har rufi. Ta ciro na Direba ta ajiye a gabana. Na miƙa hannu zan ɗauka ta dafe shi.

"Wannan ɗaya ne. In kin je da ɗaya za su ce ƙanwar matarsa ce ta rikice. Kawo mini sunayen waɗanda kika ce barci suka dawo, da waɗanda ba su dawo ba. Duk suna nan."

Ciro abin da nake nema daga tsokar da ta daɗe a cikin kaki aiki ne mai cin rai. Rabinsa ya lalace, sai an lallaɓa. Mai Madubi ce ta riƙa yanka mini su siriri, tana yi mini alama da alƙalami daidai inda yatsun ƙarin suka shiga lafiyayyar tsoka, don idonta ya san wurin, nawa bai sani ba. Ta kuma ɓoye mini sunayen, ta sa lambobi, don kada zuciyata ta ga abin da take so. Muka yi kwanaki a haka, abincin rana ma a tebur ɗaya muke ci, tana yi mini faɗa a kan yadda nake barin murfin kwalba a buɗe.

Ranar da sakamakon ya fito, allon ya rabu, wasu ja wasu kore. Ban taɓa ganin ja mai yawa haka a ɗakina ba. Ta jawo kujera ta zauna kusa da ni tana buɗe sunayen ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawan jajayen su ne waɗanda suka dawo. Mafi yawan korayen suna gidajensu har yau. Gwajina ba mahaukaci ba ne, abin da aka ba shi ya faɗa. Wani daɗi ya taso mini tun daga ciki har na ji kamar in yi tsalle, sai ta buɗe lamba ta ƙarshe. Direba ne, kuma jajir yake.

Baba na fara samu, shi kaɗai, a ofishinsa. Ya ba ni kujera, ya zuba mini ruwa da kansa. Na shimfiɗa masa hotunan biyu, tsakiya da gefe, na mutum ɗaya. Ban yi doguwar magana ba, mutum irinsa ba ya bukata. Ya daɗe yana kallo. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya tambayi sunayen jajayen, na karanta masa, ya san kowannensu, har yana faɗin sana'ar wasu da yawan 'ya'yansu.

"Ni na ɗauka karamci nake miki," ya ce.

Na ce na sani, Baba, ni ma godiya na riƙa yi. Na ji tausayinsa har na kasa kallon fuskarsa. Na zaci zai ce a bar maganar tsakaninmu a gyara a hankali, kuma da ya faɗa ban san yadda zan yi ba. Sai ya tattara hotunan ya ce in biyo shi. A taron likitoci na ranar shi ya miƙe ya yi bayani da bakinsa, bai rage komai ba, bai jingina wa kowa ba. Ya ce daga yau duk ƙarin da ya fito a hannunsa da gefensa za a kai ƙasa, kuma a kira Direba a sauya masa magani tun ciwon bai sami wurin zama ba. Likitan da ya fi kowa yawan zolayar nan ta atishawa ya sunkuyar da kai yana wasa da biro. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin ganin ƙeyarsa.

Gidan Yaya ne ya fi wuya. Na same su a falo, Direba ya fara cin abinci, har ya ɗan yi kumatu, yana lissafin ranar komawa aiki. Na zauna na faɗa musu. Maganin da ake so a sa masa na ruwa ne, ta jijiya, wata da watanni, mai kayar da mutum. Yaya ta ajiye kofin da ke hannunta a hankali.

"Ke kika ce barci yake. Da bakinki. Yanzu mutum ya fara tashi kin zo kin ce a sake kwantar da shi. Gobe kuma me kwalbar za ta ce?"

Tambayarta tana kan hanya. Na ce mata dai wancan karon tsakiya na duba, wannan karon gefe, kuma da mijina ne ma abin da zan ce ke nan. Ta ce ai ba mijina ba ne. Direba yana ta kallona, ba wasa a fuskarsa, abin da ban saba gani ba. Ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce ban tabbata zai warke ba, amma na tabbata abin a farke yake.

"To a sa mini ruwan," ya ce. "Yarinyar nan tun tana firamare ba ta iya ƙarya ba, shi ya sa ba ta da farin jini."

Watannin da suka biyo baya ba na son tuna su. Gashinsa ya zube, bakinsa ya yi gyambo, abinci ya zame masa abokin gaba. Yatsunsa suka mutu har ba ya iya ɓalle maɓallin riga, kuma wannan ya fi komai tayar masa da hankali, don da yatsu ake riƙe sitiyari. Yaya ta daina ɗaga wayata. In na je gidan sai ta amsa gaisuwa ta shige ɗaki. Ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ba ta taɓa juya mini baya ba sai a wannan lokacin. Na sha zama a mota a ƙofar gidansu ina tambayar kaina ko na sa an azabtar da mutum ne a banza. Shi kuwa ko a kwance yake sai ya ce wa nas ta yi hankali da ni, ni ce na haɗa masa wannan gubar don in gaji bas ɗinsa.

Aka gama ruwan, aka ɗauki hoto, hanta tsaf. Aka jira aka sake ɗauka, tsaf. Wannan ciwo ba a yi masa alfahari, don haka ba wanda ya yi gaggawar murna. Shekara ta zagayo, wata ta bi ta. A hoton da ya cika shekara ta uku, Baba da kansa ya sauko ƙasa da takardar, abin da bai taɓa yi ba, a ɗaya hannun kuma ga akwatin ƙanƙara na wani majinyacin. Ya buɗe mini. Guntu ne yage-yage, duk kitse, ba kyan gani. Ya ce ga mummuna ya kawo mini, in yi haƙuri. Mai Madubi tana tsaye a bakin ƙofa tana dariya, ta zo ɗaukar ruwanta a firjin, don yanzu samansa nawa ne ƙasansa nata.

Ba kowane ja muke cetowa ba, kada in yi ƙarya. Amma yanzu muna ganinsa tun da wuri, kuma akwai mutanen da ke zuwa a duba su su koma gida da ƙafarsu waɗanda a da sai dai mu ji labari.

Wata safiya ina tsaye a tasha ina jiran motar zuwa aiki, tawa tana wurin makaniki, sai wata doguwar bas ta taho tana danna hon tun daga nesa kamar an yi gobara. Mutane suka ja da baya suna tsaki. Ta tsaya daidai gabana, ƙofa ta buɗe. Direba ne a sama, da rigar aikinsa, gashin ya dawo fari fat, yatsunsa goma a kan sitiyari yana kaɗa su don in gani.

"Shigo, 'Yar Kwalba, kina ɓata wa mutane lokaci."

Na hau. Kujerar gaba, wadda ke bayansa, akwai mutum a kai. Yaya ce, da jakarta a cinya, ta rako shi ranarsa ta farko da komawa aiki. Muka dubi juna. Ta ɗauke jakar ta matsa jikin taga ta bar mini wuri. Da na zauna ta kamo hannuna ta riƙe gam, yadda take riƙe ni in za mu tsallaka titi ina ƙarama. Na yi ta kuka a gaban fasinjoji ba kunya, Direba yana kallona ta madubi yana gaya wa na bayana cewa kada su damu, kuɗin mota ne ba ta da shi.

Bai tsaya a asibiti ba, ya wuce, da na buga masa kujera ya ce ya manta, ya sauke ni a tasha ta gaba na dawo a ƙafa.